Akwai makullin da zai hana a gyara min fayilolin zane?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗab'i da surfanin kwamfuta a nan cikin garin Sakkwato, yara huɗu ke aiki a hannuna, kwamfutocinmu uku. Tambari da katin aure da lebul ɗin kaya muna zana su da CorelDRAW, aikin wuyan kaftani kuma da Wilcom. Kwanakin baya wani daga cikin yaran ya taɓa tambarin wata makaranta, ya canza launi da rubutu ya adana a kan na asali, muka buga bajo masu yawa da kuskure, kowa ya rantse ba shi ba ne. Ban gama jin zafin wannan ba, na tura wa wani kwastoma zanen lebul a PDF mai kalmar sirri don ya duba, ya yi shiru bai biya ba, sai ga lebul ɗin a kasuwa an buga a wani wuri, an goge sunan shagona. Wace manhaja ce ko wace kalmar sirri za ta kulle fayil yadda babu mai iya gyara shi sai ni?

Amsa

Wa'alaikumus salam Alhaji, ranka shi daɗe. Allah ya mayar da alheri.

Gaskiyar magana, irin wannan makullin babu shi. Fayil ɗin da mutum zai iya buɗewa ya gani a kwamfutarsa zai iya kwafarsa, abin da ya kwafa kuwa sai yadda ya ga dama da shi. In wani ya zo maka da manhaja ya ce tana hana wannan ɗari bisa ɗari, kuɗinka yake so. Amma kada gwiwarka ta yi sanyi, domin abubuwa biyun da suka same ka ba cuta ɗaya ba ce. Ta cikin shago tana da magani sosai, yawancinsa ma yana cikin Windows ɗin da ke kwamfutarka yanzu haka. Ta bayan fayil ya fita kuwa, maganinta yana ga irin fayil ɗin da ka yarda ya fita tun farko.

Bari mu fara da abubuwan da ake ɗauka makulli ne, tunda ta nan aka shammace ka. Lock ɗin da ake yi wa abu a CorelDRAW, da Ctrl+2 na Illustrator, da kulle leya a Photoshop, duk an yi su ne don kada hannun mai zane ya zame ya ja abin da bai yi niyya ba. Dannawa ɗaya ke buɗe su, ba sa tambayar kowa komai. Alamar Read-only da ake sa wa fayil a Properties haka take, wanda ya iya sa ta ya iya cire ta. Mark as Final na Word da Excel ma, ga maɓallin Edit Anyway nan a sama yana jiran duk mai so. Kulle shafin Excel da kalmar sirri, wanda masu lissafin shago suka yarda da shi ƙwarai, Microsoft da kansu sun ce ba don tsaro aka yi shi ba. Duk waɗannan labule ne a bakin ƙofa: mai kunya zai tsaya ya yi sallama, marar kunya ya ɗaga ya shige.

PDF kuma kalmar sirri iri biyu yake ɗauka, mutane da yawa ba su rarrabe su. Akwai wadda sai an rubuta ta fayil zai buɗe. Wannan ta gaske ce, tana rikita abin da ke ciki da tsarin ɓoye bayanai da ake kira AES, in kalmar doguwa ce ba a shiga da sauƙi. Akwai kuma ta hana gyara da bugawa da kwafa, wadda fayil ke buɗewa kowa ya gani amma wasu maɓallai su dushe. Ita wannan roƙo ne kawai fayil ke yi wa manhajar da ta buɗe shi, cewa kada ta bari a taɓa shi. Adobe Acrobat na jin roƙon. Wasu manhajojin ba ruwansu, shafukan cire ta kyauta kuwa sun cika intanet, duk yaron da ke zama a kafe ya san su. Da an cire sai a shigar da PDF ɗin cikin CorelDRAW, kuma tunda daga can ya fito da layukansa da rubutunsa cif-cif, kowane abu zai dawo kusan yadda ka zana shi, a danna sunan shagonka a goge. Ko da ta farkon ka sa, ai da hannunka ka ba shi kalmar don ya duba. Kamfanin Autodesk, masu manhajar zanen gine-gine ta AutoCAD, tun daga fitowar 2016 suka cire damar sa wa fayil ɗinta na DWG kalmar sirri, saboda sun ga ba ta kai tsaron zamani ba, suka ce wa mutane su nemi tsaro ta izinin folda da manhajojin ɓoye bayanai. In manyan kamfanoni sun haƙura da makullin cikin fayil, mu ma mu haƙura.

To, mu shiga shago. Ba sai na zo ba na san yadda kwamfutocinka suke, don haka nake tarar da galibin shagunan ɗab'i daga titin Emir Yahaya har Mabera. Akawun ɗaya ne, shi ne Administrator, ko babu kalmar sirri ko kuma 1234 ce, kowa da shi yake shiga, har ƙanen yaron shago da ya zo cajin waya. Fuskar kwamfutar cike da fayiloli: "bajo", "bajo final", "bajo final 2", "bajo na gaskiya", "bajo kar a taɓa". A irin wannan hali rantsuwar yaranka ba lallai ƙarya ba ce. Mai yiwuwa wanda ya yi ɓarnar ya buɗe tsohon tambarin ne don ya ari siffarsa ya yi wa wata makaranta, yatsunsa suka danna Ctrl+S na adanawa bisa sabo, aka ɗauke wuta, ya manta. Kwamfuta kuwa ba za ta iya faɗa maka ko wane ne ba, a wurinta dukanku mutum ɗaya ne. Kafin mu wuce, ka leƙa foldar da tambarin yake: CorelDRAW kan ajiye kwafi mai suna da ke farawa da Backup_of duk lokacin da aka adana. In ba a sake adanawa a kai ba, na asalin yana nan. Amma taki ɗaya kawai yake komawa baya, kada ka dogara da shi.

Gyaran farko ba ya cin ko sisi. Ka buɗe wa kowane yaro akawun da sunansa, irin na Standard user, da kalmar sirrinsa. Kai kaɗai za ka riƙe Administrator, kai ɗin ma kada ka riƙa aikin yau da kullum a cikinsa. Daga nan ka zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama ma'aji, ka yi folda uku. Ɗaya ta Asali, inda duk zanen da kwastoma ya amince da shi zai zauna. Ɗaya ta Aiki, inda yara ke da hannu. Ɗaya ta Fita, ta hotuna da PDF da fayilolin inji.

Foldar Asali ita ce za a yi wa aiki. Ka danna ta da maɓallin dama, Properties, Security, sannan Advanced. A nan mutane ke tuntuɓe. Foldar da aka yi kai tsaye a C ko D takan gaji izini daga sama, a cikin abin da ta gada akwai rukunin Authenticated Users da damar Modify, wato duk mai akawun a kwamfutar zai iya gyarawa. In ka ƙara sunayen yara ka ba su Read amma ka bar wannan rukunin, ba ka yi komai ba. Sai ka danna Disable inheritance, ka zaɓi a mayar da izinin ya zama na foldar kanta, ka cire Authenticated Users, ka bar wa yara Read & execute, kai ka riƙe Modify. In sauran kwamfutoci biyun za su riƙa shiga ta waya ko Wi-Fi, akwai izinin Sharing daban da na Security, wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Bayan ka gama, kada ka yarda da maganata, ka gwada. Ka shiga da akawun ɗin yaro, ka buɗe tambari daga Asali, ka canza launi, ka danna Ctrl+S. Ya kamata kwamfutar ta ƙi, ta ce a adana a wani wuri. Abin da ake nema ke nan: yaro zai iya ɗaukar kwafi zuwa foldar Aiki ya yi abin da aka sa shi, na asali yana nan ba a taɓa ba. Mayar da aikin da aka gama cikin Asali kuma hannu ɗaya ke yi, kai ko babban yaronka in ka amince da shi. Sunan fayil ma a daina "final". A sa sunan kwastoma, da aikin, da kwanan wata, da lambar gyara.

Wannan tsarin yana da iyaka, gara ka san ta. Izinin a jikin faifan kwamfuta yake, mai tsarin NTFS, ba a jikin fayil ba. Filashi galibi FAT32 ne ko exFAT, waɗanda ba su san izini ba sam, don haka fayil yana sauka a filashi ya zama na kowa. Kuma wanda aka ba damar karantawa an ba shi damar kwafa. In Windows ɗinka Pro ne, akwai gpedit.msc, wurin saita dokokin kwamfuta, a cikinsa akwai sashen Removable Storage Access inda za ka hana rubutu a kan filashi. Sai dai injin surfani da filashi yake cin abinci, saboda haka dole ka bar ƙofa ɗaya: kwamfuta guda, filashin shago guda, a aljihunka yake kwana. Ko ka rufe filashi, ga WhatsApp a burauza, ga imel, ga kyamarar waya. Ra'ayina shi ne kada ka ɓata kuɗi kana bin kowace kafa. Yaron da ke yini a gaban zane, in ya ƙuduri niyya, ko da idonsa zai tafi da shi. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da za ka iya hanawa shi ne kwashe aikin shekaru cikin minti biyar, wannan kuwa rufe filashi da raba folda sun rage shi sosai, musamman in sabon yaro ba ya ganin foldar Asali gaba ɗaya sai abin da aka ciro masa.

Akwai wata kafa da ake mantawa. Ranar da kwamfuta ta lalace aka kai wa mai gyara, ko aka cire faifan aka haɗa a wata kwamfuta, duk izinin nan ya tashi a banza. Maganin wannan BitLocker ne, shi ma yana cikin Windows Pro, yana rikita faifan baki ɗaya. Zai ba ka lambar ceto mai alƙaluma 48. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida tare da takardun filinka, domin in ta ɓace kuma kwamfutar ta neme ta, kai ma ka zama baƙo a wurin fayilolinka, babu injiniyan da zai buɗe maka.

Tambayar "wa ya taɓa?" kuma, amsarta mafi sauƙi tana wurin Google Drive ko OneDrive, muddin kowa da akawun ɗinsa yake shiga. A Drive mutum ko Viewer ne, ko Commenter, ko Editor, kuma yana nuna wanda ya canza fayil da lokacin da ya yi. Fayilolin da ba na Google ba, irin su CDR na CorelDRAW da EMB na Wilcom, yana riƙe tsofaffin kwafinsu kwana 30 ko kwafi 100, sai in ka danna Keep forever a kan wanda kake so ya dawwama. Gigabait 15 na kyauta zai ɗauki foldar Asali ta ƙaramin shago na wani lokaci in ba a cusa hotunan biki a ciki ba, data ma ba za ta ƙone da yawa ba tunda fayilolin layi, irin zanen CorelDRAW, ba su da nauyi kamar na hoto. Abin lura a nan: a Drive na kyauta, fayil na wanda ya ɗora shi ne. In yaro ne ya ɗora da Gmail ɗinsa, ranar da ya bar shago da su zai tafi, ko ya goge, kai kana kallo. Ka buɗe akawun na shago da layin wayarka, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, kai ka ɗora, su ka ba su Viewer. Haka in kuna amfani da Canva, a duba kowane linki kafin a tura, na kallo ne ko na gyara.

Yanzu abin da ke fita waje, inda ainihin kuɗinka ke zuba. Kafin ka tura wa kowa fayil, ka tambayi kanka me zai yi da shi, sai ka ba shi abin da zai ishe shi yin wannan kaɗai. Kwastoman da zai duba ya ce e ko a'a, ido kawai yake bukata. Hoton JPG ya ishe shi, ƙarami, wanda tsawonsa bai wuce ɗigo 1000 ba, da sunan shagonka a kwance cikin zanen yana ratsa rubutu da tambari, ba a gefe inda za a yanke ba. Don ka ga tazarar, takardar A4 da za a buga da kyau a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana son ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Mai ɗigo 1000 a fuskar waya tas yake fita, a injin ɗab'i kuwa sai ƙananan rubutu su dagule. In ma ta WhatsApp ne, ka tura shi a matsayin hoto ba takarda ba, shi da kansa zai ƙara matse shi.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ma ba ya hana mai naci. CorelDRAW na da PowerTRACE, Illustrator na da Image Trace, dukansu suna mayar da hoto layi, tambari mai sauƙi kuma ƙwararren yaro zai sake zana shi kafin la'asar. Manhajojin goge alamar da ke kan hoto ma sun yawaita. Amma ka mayar da satar ta zama aiki mai cin lokaci da kuɗi, da yawan masu yi kuwa sauƙi suke bi. Abin da ya fi duk wata manhaja ƙarfi a nan shi ne kafin alƙalami. Rabin kuɗi kafin a kunna kwamfuta, ciko kafin fayil mai kyau ya bar shago. Na san za ka ce kasuwa ba ta ɗaukar haka, makwabci zai yi ba tare da an ba shi komai ba. To, wanda ya ƙi ba da rabi a farko, sau da yawa shi ne mai yin shiru a ƙarshe.

In kuma babban aiki ne da za ka tura wa madaba'a a Kaduna ko Kano ko Shomolu ta Legas, ba CDR za ka tura ba. Ka yi kwafi, a kan kwafin ka zaɓi rubutu duka ka danna Ctrl+Q ya koma zane, sannan ka fitar da PDF. A kan kwafi na ce, don in ka yi wa na asali haka, gobe kai ma ba za ka iya gyara harafi ɗaya ba. Wannan yana hana rubutu sauya kama a kwamfutar da ba ta da irin haruffanka, yana kuma wahalar da mai son canza lambar waya, amma ba ya hana gogewa. Bana da allon talla, ka dunƙule su su zama hoto guda na TIFF a girman da za a buga. Aikin injin yanka sitika ne kaɗai ba makawa sai an ba da layi, a nan sai amana da rubutacciyar yarjejeniya. In fayil mai daraja zai bi hanya, ka naɗe shi da 7-Zip, kyauta ce kuma tana da AES-256, kalmar sirrin kuma ka faɗa da baki a waya, kada ta bi saƙon da fayil ya bi.

A ɓangaren surfani kun fi masu ɗab'i sa'a, don sana'ar da kanta ta raba fayil biyu. EMB na Wilcom shi ne uwa: a cikinsa siffofin suke, da irin ɗinkin kowanne, da kaurinsa, da shimfiɗar ƙasa, da launin zare, ana iya faɗaɗa shi ko rage shi manhajar ta sake lissafin ɗinki. DST, tsarin kamfanin Tajima da kusan kowane inji ke karantawa, umarnin allura ne zalla: soka nan, tsallaka can, tsaya a canza zare. Ko launin zaren ba ya ajiyewa. Wanda ya samu DST ya ja girmansa fiye da misalin kashi 10 cikin 100, ko ɗinkin ya yi gibi yadi ya leƙo, ko ya cushe zare ya riƙa tsinkewa. Wilcom na iya ƙoƙarin gano siffofi daga DST, amma abin da ke fitowa ba ya kai na asali tsabta. Saboda haka EMB kada ya taɓa hawa filashin inji. Sai dai ka tuna, DST ba ya gyaruwa da daɗi amma yana ɗinkuwa sau dubu yadda yake. In tela ya ce ka sayar masa da DST na wani wuyan da ka ƙirƙira gab da Sallah, ka sa kuɗin da sanin cewa kafin sati ya zagayo zai iya kaiwa Illela.

Masu zanen gine-gine da ke karanta wannan, ku ma PDF ba mafaka ba ce: tun AutoCAD 2017 akwai umarnin PDFIMPORT da ke mayar da layukan PDF su koma zanen da ake gyarawa.

Tunda ba a iya hana gyara a waje, sai a tanadi hujjar cewa an gyara. Windows na da wannan a ciki. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256. Zai ba ka jerin haruffa da lambobi 64. In aka canza ko ɗigo ɗaya a fayil ɗin, jerin zai canza gaba ɗaya. Ranar da kwastoma ya amince da zane, ka tura wa kanka imel ɗauke da fayil ɗin da wannan jerin, ranar da lokacin sun zauna ke nan. Takardun farashi da na kwangila kuma, Acrobat na da sa hannu na dijital mai satifiket, wanda ke nuna wa duk mai buɗewa in an taɓa takardar bayan sa hannun. Hoton sa hannunka da ake mannawa a Word ba shi nake nufi ba, wannan kowa na iya kwafa.

Sai doka, wadda masu shaguna ke tsallakewa har sai rigima ta taso. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, tana ba da kariya daga lokacin da aka ƙirƙiri aiki, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajistar sa-kai da ke amfani a matsayin hujja. Ga abin da ya kamata ya tashe ka tsaye: a ƙa'idar dokar, haƙƙi na fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka, miƙa haƙƙi kuma sai a rubuce. Wato zanen da yaronka ya yi a kwamfutarka, da wutar janaretanka, in babu takarda tsakaninku, ranar gardama bakinka ba zai yi kauri yadda kake zato ba. Takarda shafi ɗaya ta isa, lauya ya duba ta: duk abin da aka zana a shago na shago ne, ba a fitar da fayil sai da izini. Ka sa uban yaron ko wanda ya kawo maka shi ya zama shaida, a wurinmu wannan ya fi tambarin lauya nauyi. Rasit ɗin kwastoma ma ya faɗi ƙarara cewa kuɗin bugu daban, kuɗin fayil na asali daban. Dokar laifukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfuta da canza bayanai ba da izini ba, ta kuma wajabta wa ma'aikaci miƙa kalmomin sirri in ya bar aiki. Kai dai kada ka jira a miƙa maka. Ranar da za ka sallami yaro, tun kafin walima, ka rufe akawun ɗinsa, ka cire shi a Drive, ka canza kalmar Wi-Fi. Zanen da za a riƙa bugawa a kan kaya da yawa, kamar adon yadi ko siffar jakar fata, hanyarsa daban ce: Dokar Patents and Designs ta 1970, rajista a Abuja, shekara 5 da ake sabuntawa sau biyu, kuma sai zanen yana sabo, kafin ya bazu a kasuwa.

Mai gyaran fayil mafi muni da na sani ba yaro ba ne, ƙwayar cutar kwamfuta ce mai rikita fayiloli ta nemi kuɗin fansa, kuma ɗaya daga cikin manyan ƙofofinta ita ce manhajar fashi marar lasisi da ake girkawa daga filashin aboki, wadda sharaɗinta na farko shi ne a kashe antibairos. In kuɗin lasisi ya yi nauyi, aƙalla kwamfutar ma'aji ta zama mai tsabta, kada a girka mata komai na fashi. Manhajar zane ta Inkscape kyauta ce, tana da ƙarin Ink/Stitch na surfani, ta isa koyar da sabon yaro. Drive da ke daidaita kansa da kwamfuta ba ajiya ba ce cikakkiya, don in fayil ya ɓaci a nan, ɓataccen zai haura can. Ka sayi faifan waje, kowace Alhamis ka kwafi Asali, ka cire shi daga jiki, ka tafi da shi gida. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ba sai an yi masa dogon bayani kan ajiye komai a wuri ɗaya ba.

Shi kuma mutumin lebul, kada ka fara da faɗa a WhatsApp. Ka fara tattara hujja: saƙon da ka tura masa da kwanan watansa, CDR ɗinka na asali da rubutunsa bai koma zane ba, tsofaffin gwaje-gwajen zanen tun yana rabi, sannan ka sayi kayan guda ɗaya da lebul ɗin a jiki ka karɓi rasit. Wanda ya kwafa ba shi da waɗannan matakan, ƙarshen kawai gare shi. Da su a hannu ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko shugabannin masu sana'arku, a zauna, ka faɗi kuɗin zane da na fayil. In ya ƙi, wasiƙar lauya ta bi, a aika kwafi ga madaba'ar da ta buga, domin ita ma ba za ta so sunanta ya shiga ba. Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ke saurare, akwai ta a nan Sakkwato, amma ka auna kuɗin lauya da darajar lebul ɗin kafin ka kai can.